A Daina Barin Saifar 'Ya'yanmu A Hannun Sa'a

Na san da yawanku jira kuke ku ji yadda za ta kaya tsakanin amarya da uwargida a labarin da muka faro, to ku yi mini afuwa, wannan karon na ajiye su a gefe, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na lura idan ban amayar da ita ba alƙalamin ma ba zai yi gudu ba. Maganar kuwa ta saifa ce, saifar yara ƙanana, da yadda ake yi da ita a yankinmu na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura idan tsautsayi ya faɗa wa yaro.

Ɗan ƙanwata ne, shekararsa tara, suna zaune a wani ƙauye cikin ƙasar Gwiwa. Da kaka ana kwaso gero daga gona ya ɗare amalanken shanu kamar yadda kowane yaron ƙauye yake yi, shanun suka zabura, ya faɗo, ɓarin hagunsa ya bugi ƙarfen amalanken. Ya yi kukansa, ya tashi ya kaɗe riga, da ƙafarsa ya tako gida, babu jini, babu karaya, ko ƙwarzane na kirki babu. Da yamma ya ce cikinsa yana ciwo, babansa ya goya shi a babur zuwa wani ƙaramin asibiti, aka ɗan matsa cikin, aka yi masa allurar kashe zafi, aka ce buguwa ce kawai, a koma gida. Cikin dare ya dinga neman ruwa yana cewa kafaɗarsa ta hagu ke ciwo, uwar ta kwana tana shafa masa man zafi a kafaɗa, alhali jini ne yake tsiyaya a cikin cikinsa. Gari na wayewa aka ga idonsa ya yi fari fat, tafin hannunsa ya yi sanyi, ko zama ba ya iya yi.

A babban asibitin da aka kai shi, wanda ba zan ambaci sunansa ba domin ba da mutum ɗaya nake faɗa ba, sai da aka shafe awa uku ana gwada jinin baffanni da kawunnai kafin a sami wanda ya dace. Aka shiga da shi tiyata, aka cire saifar. Likitan da ya yi aikin ya ceci ransa a ranar, har gobe ina yi masa fatan alheri. Ni na yi jinyarsa kwana takwas. Ranar sallama aka miƙo mana takardar magani da ranar cire zare, shi ke nan. Na tare wani ma'aikaci a bakin ƙofa na ce, "Malam, to yanzu yaya yaron nan zai rayu babu saifa?" Ya yi murmushi ya ce, "Haba Hajiya, saifa ai ba wani aiki take yi ba, ku dai ku dinga ba shi abinci mai kyau."

Wata goma bayan nan, damina ta yi tsakiya, zazzaɓi ya kama shi da la'asar. Aka sayo magani a kemis kamar yadda ake yi wa kowane yaro, aka ce a bari gari ya waye. Kafin hantsi ya rasu a bayan mota, a kan cinyar uwarsa. Ba na jayayya da ajali. Amma daga baya da na ba wani likita labarin, tambayar farko da ya yi mini ita ce, "An yi masa alluran rigakafi bayan aikin? An gaya muku duk ranar da jikinsa ya yi zafi ku taho ko da ƙarfe biyun dare ne?" Na ce babu wanda ya gaya mana. Ya sunkuyar da kai bai ƙara cewa komai ba.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne, ba a yi shekara ba 'yar maƙwabciyata a nan cikin garin Kazaure ɗan acaɓa ya kaɗe ta, ita ma ɓarin hagu, ita ma saifa ta tsage. Ita kuwa sai ta yi gamo da likitan da ya ce a kwantar da ita kada ta motsa, ya sa aka tanadi jini, ya sa nas tana ƙirga bugun zuciyarta tana rubutawa dare da rana. Kwana biyar aka sallame ta, ko wuƙa ba a taɓa ta da ita ba, yau tana makarantar sakandare da saifarta a cikinta. Ciwo ɗaya, yanki ɗaya, amma wani ya tafi kabari wata ta tafi aji. Mene ne bambancin? Wanda ke bakin aiki a ranar. To ni wannan nake ƙi, jama'a. Rayuwar yaro ba kati ba ce da za a ce sai mai sa'a. Abin da nake nema shi ne ƙa'ida a rubuce, takarda guda a manne a bango, wadda duk wanda ke bakin aiki zai bi, ko babban likita ne ko sabon shiga, ko Litinin da safe ce ko daren Sallah.

Kamar yadda nakan yi idan zan rubuta littafi, na zauna na yi tambaya na yi karatu, ga abin da na samo. Saifa tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, kuma aikinta tace jini ne, tana kwashe tsofaffin ƙwayoyin jini, tana kama ƙwayoyin cuta, musamman masu kawo sanƙarau da ciwon huhu mai tsanani, tana kuma taimakawa wajen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Haƙarƙarin yaro laushi gare shi, yakan lanƙwasa ya dawo bai karye ba, amma saifar da ke bayansa ta tsage, shi ya sa ba a ganin komai a waje. A wurinmu kuma abin ya fi muni, domin yawan zazzaɓin cizon sauro yana kumbura saifar yara har ta leƙo ƙasan haƙarƙari, ga ta babu kariya, bugu kaɗan ya ishe ta. Yaro mai nauyin kilo 20 duk jinin jikinsa bai wuce lita ɗaya da rabi da ɗan wani abu ba, kuma jikin yaro yana da wata dabara mai yaudara: zai iya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na jininsa amma awon bifi, wanda ake ɗaurawa a damtse, ya nuna lafiya lau. Bugun zuciya ne ke fara tona asiri, yana ta sauri, sai ƙishirwa, sai farin ido, sai sanyin hannu. Ciwon kafaɗar hagun nan da ƙanwata ta kwana tana shafa wa man zafi, alama ce sananniya a wurin likitoci ta jini ya taru a ƙarƙashin haƙarƙari. Rashin sani ya fi dare duhu.

Maganar da ma'aikacin nan ya gaya mini, wai saifa ba ta da aiki, da can haka likitocin duniya suka ɗauka, duk saifar da ta tsage cirewa ake yi. Amma tun 1952 wasu likitoci biyu a Amurka, King da Shumacker, suka ba da rahoton jarirai da aka cire wa saifa suka kamu da cututtuka masu tsanani, wasu suka mutu. A 1968 likitocin asibitin yara na Toronto a ƙasar Kanada, Upadhyaya da Simpson, suka nuna cewa saifar yaro tana iya tsayar da jininta da kanta ta warke, idan aka kwantar da yaron aka sa masa ido. A shekarar 2000 ƙungiyar likitocin tiyatar yara ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a rubuce, har da adadin kwanakin da za a kwantar da yaro da makwannin da zai yi bai yi wasan guje-guje ba, gwargwadon girman tsagewar. A 2015 wata gamayyar asibitocin yara da ake kira ATOMAC ta gyara ƙa'idar, ta ce a fi duban halin da yaron yake ciki, bugun zuciyarsa da yawan jininsa, fiye da abin da hoto ya nuna. Sakamakon haka, a manyan asibitocin yara na waɗannan ƙasashe fiye da yara tara cikin goma masu tsagewar saifa suna komawa gida ba a yanka su ba. A nan gida ma ba baƙon zance ba ne, domin tun ƙarshen shekarun 1990 likitocin tiyatar yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, irin su Emmanuel Ameh, suka yi rubuce-rubuce a kan raunin saifar yara da wahalar kula da su a ƙasa irin tamu. Ilimin yana nan fiye da shekara ashirin, a Zariya, ba a bayan duniya ba. Ya ƙi ƙarasowa bangon ɗakin gaggawa ne kawai.

Na san abin da za a ce mini, don an sha gaya mini. Za a ce, ke marubuciyar littattafan soyayya, me ya kai ki harkar likitoci? Amsata ita ce, ni ban ce zan riƙe wuƙa ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya ɗauki gawar yaro a mota yana da bakin magana. Za a kuma ce, waɗannan ƙa'idoji na masu siti-sikan ne, mu ina muka ga wannan na'ura a ƙauye? To a duba shekarun da na ambata. Ba a fara gwada siti-sikan a kan mara lafiya ba sai 1971 a Landan, su kuwa likitocin Toronto sun fitar da rahotonsu tun 1968. Da me suka yi aikin? Da ido, da hannu, da agogo, da gwajin jini. Gyaran 2015 ma ai komawa ya yi ga waɗannan. Na'urar sikanin da ake duba mata masu juna biyu da ita, wadda har a ɗakunan gwaji na 'yan kasuwa akwai ta, tana iya nuna jini ya taru a ciki cikin 'yan mintuna idan an koya wa ma'aikaci inda zai ɗora ta.

Akwai hujja ta uku, kuma ita ba zan yi mata gatsali ba domin gaskiya ce. Likita zai ce, idan na bar saifar nan, wa zai duba mini yaron cikin dare, nas ɗaya tana riƙe da ɗaki guda cike da gadaje? Idan jinin ya ɓalle da asuba, ina jinin da zan ƙara, ina mai sa barci, ina wuta? Gara in cire yanzu in san ya rayu. Wallahi likitan da ya yi wannan lissafin ba mugu ba ne, kuma yaron da jininsa ya ƙi tsayawa tiyata ce kaɗai mafitarsa, jinkirta ta kisa ne. Amma wannan hujjar ba ta rushe maganata ba, ƙarfafa ta ta yi. Ƙa'idar da nake nema ita ce za ta fito da giɓin fili, ta ce asibiti kaza yana da jini da mai sa ido, a nan za a kwantar, asibiti kaza ba shi da su, kada ya riƙe yaro, ya tura shi tun yana da ƙarfi. Yanzu da babu komai a rubuce, nauyin duka yana kan wuyan likita ɗaya cikin dare, masu riƙe da kasafin kuɗi suna barcinsu. Kuma ko an cire saifar bisa dole, wane rashin kayan aiki ne ya hana a buɗe baki a gaya wa uwa abin da za ta kiyaye? Magana ai ba ta buƙatar janareta.

Kada a manta a ina muke zaune. Daga Oktoban 2022 zuwa Afrilun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake zaton sun kamu da sanƙarau a duk Nijeriya a Jigawa suke. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kariya daga nau'i biyar, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su. Ga zazzaɓin cizon sauro duk damina. Yaron da ba shi da saifa a irin wannan wuri kamar gida ne da aka ɓalle wa ƙyaure a unguwar ɓarayi. Cutar jini da ke kama marasa saifa tana iya kashewa cikin kwana ɗaya, ta fi haɗari ga ƙananan yara da kuma shekaru biyun farko bayan aiki, kuma kusan rabin waɗanda ta kama gadan-gadan ba sa tashi. Wato mu da muka fi kowa buƙatar saifa, mu ne muka fi saurin rabuwa da ita.

Don kada a ce na yi ta kuka ban faɗi magani ba, ga abin da nake roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa da hukumar kula da asibitocin matakin farko su tara likitocin tiyata su rubuta, da Turanci da Hausa.

Na farko, ga ƙananan asibitoci: duk yaron da ya faɗo daga bishiya, katanga ko amalanke, ko abin hawa ya buge shi, ko dabba ta harbe shi a ciki ko ɓarin hagu, a ƙirga bugun zuciyarsa, a duba idonsa da tafin hannunsa, a rubuta da lokacin, kada a yi masa allura a ce ya tafi gida, a tura shi gaba da takardar a hannu. Na biyu, ga manyan asibitoci: yana isowa a gwada rukunin jininsa a tanadi jini, a yi sikanin, a rataya takardar sa ido a gadonsa, a maimaita gwajin yawan jini bayan 'yan awoyi, kuma a ja layi a rubuce, a nan za a ƙara jini, a nan za a shiga tiyata. Ƙa'idar 2015 ta ja nata layin a kan mililita 40 na ƙarin jini ga kowane kilo na nauyin yaro, wato mililita 800 ga mai kilo 20. Likitocinmu su duba su ja wanda ya dace da ƙarfinmu, amma dai a ja. Na uku, idan an shiga tiyata a fara duba ko saifar za ta ɗinku ko za a iya barin wani ɓangare, idan an cire duka a rubuta dalili. Na huɗu, kuma wannan shi ne wanda ya ci ɗan ƙanwata: kada yaron da aka cire wa saifa ya fita ƙofar asibiti sai da kati a hannun uwarsa, ɗauke da ranar alluran rigakafin da ake yi kimanin mako biyu bayan aiki, da maganin penisilin na kullum, da gidan sauro da maganin kariyar zazzaɓi, da rubutu da manyan baƙaƙe cewa duk zafin jiki a wurin wannan yaro gaggawa ce. Na biyar, a buɗe rajista a dinga ƙirga yara nawa aka kawo, nawa aka yanka, nawa suka rayu, domin abin da ba a ƙirga ba ba a gyara shi.

Sai maganar hanya. Daga Kazaure zuwa Kano ta Ɗambatta kimanin kilomita 80 ne, mutumin Babura ma ta Kunya Kano yake nufa, ta fi mana Dutse kusa. Saboda haka takardar ta ɗauki lambar wayar da likitan karkara zai kira ya yi shawara da ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kafin ya saki mota, iyakar jiha kada ta zama iyakar jinya. Jihar nan ta taɓa nuna ta iya, lokacin da ta yi shirin Haihuwa Lafiya na ajiye motoci a karkara domin kai masu naƙuda asibiti. Me zai hana yaron da jini ke zuba a cikinsa ya sami irin wannan gata? Jini kuwa, firji mai sola da jerin sunayen masu ba da jini da rukuninsu, daga matasan unguwanni da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, sun isa su kashe awa ukun nan da muka ɓata. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kuma tuna, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta haramta a ƙi duba mara lafiya na gaggawa ko da wane dalili, har da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu iyaye muna da namu laifin. Yaro ya faɗo, sai a fara da gashi da ruwan zafi, ko a kai wa mai ɗori ya murza, ko a ɗura masa asfirin wanda ke ƙara tsinka jini. In an kwantar da shi kuma ba a yanka ba, kwana biyu sai dangi su fara gunaguni wai ba a yi masa komai, a ba mu yaronmu. Wannan kwanciyar da ƙirgen bugun zuciyar su ne maganin, 'yan uwa. In an sallame shi aka ce kada ya yi ƙwallo ko kokawa ko hawa keke na makwanni, a tsare shi ko da zai yi kuka.

Mu marubuta kuwa, ni ce ta farko a layin masu laifi. Littafi nawa muka rubuta, mota ta kaɗe jarumi, aka shiga da shi tiyata, likita ya fito yana share gumi ya ce an yi nasara, ko Alhaji ya sa aka fitar da shi Misra ko Indiya? Mu muka koya wa makaranta cewa likitan kirki shi ne mai wuƙa, kuma labari yana ƙarewa ranar sallama. Ban taɓa rubuta nas mai ƙirga bugun zuciya da fitilar waya ba, ban taɓa rubuta uwar da aka miƙa wa kati ba. Littattafanmu suna shiga ɗakunan da takardar gwamnati ba ta taɓa shiga ba, na kuwa ɗauki alkawarin gyara nawa.

Abin da nake roƙonku kaɗan ne. Wanda yake da ɗan uwa likita ko nas a yankin nan ya tambaye shi, kuna da ƙa'ida a rubuce ta yaron da ya bugu a ciki? Wanda yake da hanyar ɗan majalisa ko hakimi ya kai masa maganar. Wanda kuma ya san yaron da aka taɓa cire wa saifa, a gidansu ko a maƙwabta, kada ya jira kowa, gobe ya sa a mai da shi asibiti a tambayi alluransa da maganinsa, a kuma gaya wa uwarsa zazzaɓinsa ba ya jiran wayewar gari. Ƙanwata har yau tana ajiye da takardar sallamar nan a ƙasan akwatinta, na sha karanta ta, layi huɗu ne, babu kalmar saifa a ciki sai sau ɗaya. Allah Ya jiƙan nata, Ya raya mana sauran. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.